Ginin da Ke Tafiya da Yanayi

Gini yana zaune wuri ɗaya, amma yanayin da ke kewaye da shi ba ya zama. Da tsakar rana zafi ya yi tsanani, da asuba iska ta yi sanyi. Bazara ta wuce, damina ta sauka, hunturu ya biyo baya da ƙurarsa. Bayan waɗannan sauye-sauye da kowa ya saba da su, akwai wani mai tafiyar hawainiya, wanda sai an haɗa shekara 20 ko 30 ake lura da shi: ruwan sama ya ragu ko ya ƙaru, itacen da ake rufi da shi ya ƙare a dawa, kogi ya fara kaiwa inda kakanni ba su taɓa ganin ya kai ba. Ginin da ake cewa yana tafiya da yanayi shi ne wanda aka tsara tun farko da sanin cewa duk waɗannan za su same shi, aka kuma tanadar masa hanyar jure su, ko ta kayan da aka yi shi da su, ko ta siffarsa, ko ta gyaran da za a riƙa yi masa.

A yau ana yawan danganta wannan batu da na'urori da kwamfuta. Sai dai misalin da ya fi daɗewa shi ne ginin ƙasa na yankin Sahel, tun daga Jenne da Tumbuktu a Mali har zuwa Agadas, Damagaram, Katsina, Kano da Zariya. A kansa wannan bayani zai fi tsayawa.

Bango da rufi a ƙasar Hausa

Magini na gargajiya da rani yake aiki. Ana haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsumu. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen ɗora bango ana jera tubalin gindi a ƙasa kai a sama, ana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sahu da yawa a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yakan fara da kauri sosai daga tushe, ya riƙa raguwa yayin da yake hawa.

Wannan kaurin shi ke kawo sanyin soro. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Zafin da ya bugi bango da hantsi yakan yi sa'o'i yana ratsa shi, kafin ya kai ciki rana ta yi gora ta fara sanyi. Da hunturu kuwa, zafin da bangon ya tara da rana shi ke ɗumama ɗaki da dare. Inda abin ke da sauran magana shi ne bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da daren ma ba ya yin sanyin kirki, bango yana ta sakin zafi cikin ɗaki har tsakar dare. Tsarin gidan gaba ɗaya ne yake magance wannan. Akwai zaure, akwai rumfa, akwai tsakar gida da inuwar bishiya, mutanen gida suna bin sanyi daga nan zuwa can: da rana a soro, da la'asar a rumfa, da daren bazara a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida.

Rufin soro a kan azara yake, wato faskararren itacen giginya, wanda gara ba ta cin sa da sauƙi. Amma azara tana da iyaka. In tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2, sai ta lanƙwashe saboda nauyin ƙasar da aka ɗora mata. Wannan iyakar ce ta sa magina suka ƙware a ɗaurin baka: a kafa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce ta, a sake ɗaura wata, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Daga nan aka samu bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda suke ba da damar rufe babban ɗaki da gajerun itatuwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina cikin shekarun 1830 a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ake kafa hujja da shi idan ana maganar inda wannan fasaha ta kai.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yakan taso da iska, don haka bangon gabas ya fi shan duka, shi ma ya fi buƙatar kariya. Magina suna da kariya iri biyu da suka shahara: makuba da laso. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. A jiƙa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, bangon ya yi duhu, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Laso ya fi ta ƙarfi da tsada. Ana haɗa shi da katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi wanda ake busarwa a ƙone a daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe saman soro da rawaninsa da bakin indararo. Abin lura a nan shi ne marina da majema da magina sana'o'insu a sarƙe suke: abin da wancan ya zubar shi ne kayan aikin wannan. Duk garin da karofinsa ya mutu, laso ya yi masa wuya.

Ramin da aka haƙi ƙasar ginin ma bai tafi a banza ba. Shi ne kududdufi, inda ruwan unguwa ke taruwa da damina maimakon ya kwanta a gindin bango. A tsofaffin birane irin su Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, ruwan da suke ɗauka a da kuwa bai daina sauka ba.

Masallacin Jenne da yaɓen shekara

Ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a juya masa baya. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne garin Jenne a ƙasar Mali, wanda ke cikin fadamar kogin Bani, inda ruwa kan kewaye garin idan kogi ya cika. Babban masallacin da ke tsaye yanzu an kammala shi a 1907, a ƙarƙashin jagorancin Isma'ila Traore, shugaban maginan garin. An ɗora shi a kan dandamali mai tsayin kimanin mita 3 don ya fi ƙarfin ambaliya. Ginshiƙai 90 ne suke ɗauke da rufinsa, kuma a saman rufin akwai ƙananan kafofi masu murafun yumɓu. Da zafi a buɗe su, iska mai zafi ta fice ta sama. Da damina a rufe.

Duk wanda ya ga hoton masallacin zai lura da itatuwan giginya da suka fito daga jikin bangonsa a jere. Ado ne, kuma su ne matakalar masu yaɓe. Wato tun ranar da aka ɗora bangon an san za a hau shi kowace shekara, aka gina matakalar a jikinsa. Kafin damina, ana kwaɓa laka da ɓuntun shinkafa a ramuka, a bar ta ta tsumu. Ranar yaɓe gari duka yake fitowa tun da asuba: mata da 'yan mata suna ɗebo ruwa, samari suna gudu da kwandunan laka, unguwanni suna gasar wa zai riga gama nasa ɓangaren, tsofaffin magina suna zaune suna sa ido. Abin da damina ta wanke bara, a mayar da shi bana cikin 'yan sa'o'i. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jenne cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Yaɓen ma yana da nasa haɗarin idan aka yi shi ba lissafi. Da Gidauniyar Aga Khan ta yi wa masallacin babban gyara wajen 2009, an tarar laka ta taru a kan rufin, yaɓe kan yaɓe na shekaru masu yawa, har nauyinta ya fi ƙarfin itatuwan da ke ƙasa, sai da aka kankare ta aka sauya waɗanda suka ruɓe. A watan Nuwamba na shekarar kuma, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin bangon alƙibla ya rufto bayan ruwa mai yawan milimita 75 ya sauka cikin kwana ɗaya, a watan da ba a saba ganin irin wannan ruwa ba. An sake gina ta da ƙasa kamar yadda take.

Da yanayin kansa ya sauya

Fasahar da aka bayyana a sama ta ginu ne a kan damina da aka san halinta da dajin da ke da giginya da ɗorawa. Dukansu biyu sun sauya. Farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun kashe itatuwa masu yawa, yawan jama'a da faɗaɗa gonaki suka ƙarasa saura. Azara ta yi tsada, aka koma rufi da itacen da bai kai ta ƙwari ba.

Da ruwan ya dawo kuma, da wani hali ya dawo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa hadari mai tsanani, irin wanda ke juye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, yawan aukuwarsa a Sahel ya ninka sau 3 tun daga 1982. Ga ginin ƙasa, yadda ruwa ya sauka ya fi yawansa na shekara muhimmanci. Yayyafin kwana goma da rana a tsakani bai kai ruwan dare ɗaya da ya cika lungu ya kwanta a gindin bango ɓarna ba, domin bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasa rayukansu. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama.

Amsar da mafi yawan mutane suka bayar ita ce bulon siminti da rufin kwano, kuma suna da hujja: ba a yaɓe duk shekara, ba a fargabar soro ya rufto da dare. Amma kwano yana zuba zafin rana cikin ɗaki nan take, bulo mai rami a ciki ba ya riƙe sanyi, sai gidan ya koma dogaro da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Gida ne da ya dace da damina, bai dace da bazara ba.

Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu wadda cutarwarta ta fi amfaninta, wato yi wa bangon ƙasa filastar siminti. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa ko tsukewa tare idan zafi ya sauya, don haka filastar takan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, siminti ya hana shi bushewa, ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye. Daga waje bango sumul, in an ƙwanƙwasa sai a ji holoƙo. Yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa yana barin danshi ya fita, kuma idan ya lalace ido yana gani.

Sabon gini da tsohuwar ƙasa

Wasu magina da masu zanen gine-gine sun bi wata hanyar: a riƙe ƙasa saboda sanyinta da arharta, a gyara inda take da rauni.

Ƙarancin itace ya sa tun cikin shekarun 1980 aka fara koyar da magina a Nijar rufin da ba ya buƙatar ko azara ɗaya. Asalin dabarar daga ƙasar Nuba take, a kudancin Masar da arewacin Sudan, kuma Hasan Fathi, mai zanen gine-gine ɗan Masar, ya farfaɗo da ita cikin shekarun 1940. Ana jera ƙananan tubala masu faɗi a karkace, sahun farko ya jingina da bangon ƙarshe, na biyu ya jingina da na farko, haka har baka ya rufe ɗakin, ba tare da katakon tallafi a ƙasa ba. A Burkina Faso wata ƙungiya da aka kafa a 2000 ta sauƙaƙa wannan rufi ta yaɗa shi a ƙasashe maƙwabta.

A garin Yaama da ke jihar Tawa, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962, mai sauƙin tsari. Da rufin ya buƙaci gyara a 1975, sai ya sake shi da bakuna da ƙubba a tsakiya, sannan tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya a kowace kusurwa, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Kowane gyara a wurinsa dama ce ta ƙara wa ginin wani abu. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, tsohon masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala aikin a 2018, kuma maginan garin ne suka yi shi.

Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu a 2001, ta nuna cewa kwano ma yana da amfani idan aka san inda za a sa shi. Bangon bulon ƙasa ne da aka ɗan sa wa siminti. Kwanon kuwa an ɗaga shi sama da silin a kan sandunan ƙarfe, iska tana wucewa tsakani tana kwashe zafi, an kuma bar shi ya zarce bango sosai yadda ruwa da rana ba sa dukan bangon kai tsaye. Kéré ya samu lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Ginin da ke motsi

A wasu wuraren an ɗauki maganar a zahirinta, aka yi ginin da ke motsawa. A Maasbommel da ke bakin kogin Maas a ƙasar Holan, an gina gidaje a 2005 a kan akwatunan kankare masu rami a ciki. In kogi ya cika gidan ya taso da ruwan, yana bin wasu turakun ƙarfe da ke hana shi tafiya, yana iya hawa sama da mita 5. In ruwa ya janye ya koma mazauninsa. A Legas, Kunle Adeyemi ya gina makaranta mai hawa uku a kan gangunan roba kimanin 250 a unguwar Makoko a 2013. Ta yi suna a duniya, amma ba ta samu kulawar da katako a kan ruwa ke buƙata ba. An daina karatu a cikinta, kuma a watan Yunin 2016 ruwa da iska suka rushe ta, ba a rasa rai ba.

Akwai masu motsi saboda rana. Cibiyar Duniyar Larabawa da Jean Nouvel ya zana a Paris, wadda aka buɗe a 1987, tana da tagogi 240 masu idanun ƙarfe da aka shirya su riƙa buɗewa da tsukewa gwargwadon haske. Injinan sun lalace bayan wasu shekaru, suka daɗe a tsaye, sai a 2017 aka farfaɗo da su da kuɗi mai yawa. Tagwayen benayen Al Bahar a Abu Dabi, na 2012, kowanne yana da lemomi sama da 1,000 da kwamfuta ke buɗewa a gefen da rana take, ta naɗe su idan ta wuce. Dabarar tana rage zafi ƙwarai, amma sai mai dukiyar da zai riƙe injiniyoyi da kayan gyara ne zai iya ta.

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga cewa ƙwarewar zane kaɗai ba ta tsayar da gini. Masallacin Jenne ya haura shekara 100 da laka saboda akwai masu hawansa duk shekara kuma kayan gyaransa suna bakin kogi. Makarantar Makoko ta yi shekara 3. Tambayar da ta kamaci duk mai shirin gini, ko na ƙasa ko na ƙarfe, ita ce wa zai gyara shi bayan shekara 10, da wane kaya, da kuɗin wa.

Abin da mai ginin ƙasa zai kiyaye

A yanayin da ake ciki, ginin ƙasa yana buƙatar abubuwan da a da ana iya wucewa ba su. Kafin a sa harsashi a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kuma guji filin da asalinsa kududdufi ne ko hanyar ruwa. Harsashin a yi shi da dutse ko kankare, a ɗaga shi ya wuce inda ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin a fara ɗora ƙasa, don danshi kada ya hau. Ƙasar da ke gindin bango a yi mata gangare zuwa waje. Idan kwano za a sa, a ɗaga shi, a yi silin, a bar shi ya zarce bango, musamman ta gabas. Idan soro ne, indararo ya zama mai faɗi da tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, kuma a ƙara yawansu fiye da yadda aka saba, tunda ruwan yanzu a lokaci ɗaya yake zuwa.

Saura kuma dubawa. Tsagar da ta bi tsawon bango, ko azarar da ta fara lanƙwasa, ko gindin bango da ya yi laushi, ba abin da za a bari sai bayan damina ba ne. A fitar da mutane daga ɗakin a kira magini. Lokacin hawa soro a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓen gabas shi ne Maris da Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.